Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Hanzarta Yaɗuwar Sankarar Mama?

Malama mai sauraronmu daga Damagaram, kin tambayi hikimar da ta sa sankarar mama kan yaɗu da gaggawa a jikin wata, alhali ta wata tana jinkiri. Tun shekarun 1920 Bajamushen masani Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin sankara suna zuƙar sukari fiye da kima suna mai da shi tsami. Kuma sinadarin da ke ƙarasa wannan aiki, wato LDH, idan ya yawaita, tsamin kan raunana naman da ke kewaye, ya kasalar da garkuwar jiki, har cutar ta sami hanyar isa huhu ko ƙashi. Wannan sababi guda ne cikin asbabai, amma ina roƙonki, kowane ƙullutu kika ji, ki garzaya asibiti.