Sulhu a Kan Sakacin Likita: Darasi Daga Ƙasar Indiya

Hakimai da malamansu su lura: shari'ar laifi tsakanin hukuma ce da wanda ake tuhuma. Saboda haka sulhun dangi da likita ba ya kashe ta sai da yardar kotu.

Mun ɗauko misali daga Indiya domin Dokar Laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, tushenta daga can yake ta hanyar Sudan.

A 2005, cikin shari'ar Jacob Mathew, Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa ba a kama likita da laifi sai sakacinsa ya yi muni ƙwarai. A 2012, cikin shari'ar Gian Singh, ta yarda Babbar Kotu ta soke ƙara bayan sulhu idan rigimar ta mutum biyu ce, amma ban da manyan laifuffuka kamar kisan kai, waɗanda suka shafi jama'a duka.

Don haka in an sasanta a gabanku, ku tabbata ba a tilasta wa kowa ba, a rubuta, a kai wa alƙali. Kada ku yi wa kowa alkawarin ƙara ta mutu.