Taga mai ba da labari

Duk wanda ya bi titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya shiga kasuwar Tarauni bayan an ɗauke ruwan sama, ya ga yadda leda take toshe kwata. A ƙauyukanmu kuwa awaki ne suke haɗiye ta su mutu. Ga wani ɗan aiki da iyali za su iya yi da ita.

A babbar majami'ar Shartar ta ƙasar Faransa akwai tagogi fiye da 150 na gilashi mai launi, yawancinsu an yi su tsakanin shekarar 1200 da 1240. Masu sana'a sun haɗa gutsattsarin gilashi da dalma, rana ta bi ta ciki, har wanda bai iya karatu ba ya ga labarin Nuhu da idonsa. A 1939 an cire su an ɓoye saboda yaƙi. Mu ba mu da gilashi, amma muna da rana, muna kuma da tsofaffi da yara da yawa waɗanda ba su karatu.

Mu fara da karanta Farawa sura 9 tare. Yara su zana bakan gizo da jirgi a kan kwali. Babba ne zai yanke ramukan da reza, ya bar layuka masu kaurin yatsa, yara su shafe su da gawayi. Waɗannan layuka su ne dalmarmu.

Sai launi. A wanke ledar burodi da ta alewa da sabulu, a shanya. Inda launi ya rasa, a tsoma farar takarda a ruwan zoɓo, ko kurkum, ko shuni irin na marinar Ƙofar Mata. In ta bushe, a ɗiga mata man gyaɗa kaɗan, haske zai wuce. Kokon rogo yana kama takarda, amma ba ya riƙe leda, gara a ɗinke ta tsakanin kwali biyu. Nan kaka ta fi kowa.

Kada a narka leda da wuta, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Kada kuma a rufe taga duka, ɗaki yana bukatar iska. Zoɓo yakan koɗe da wuri, ɓeraye kuma suna son man gyaɗa, don haka a sauke aikin da dare a ajiye shi cikin kwano mai murfi. Ran Lahadi kowane gida ya kawo nasa, ƙaramin yaro ya ba da labarin.