Kafin ka ɗaura tsohon gilashi a sabuwar kyamara

Ɗana, tunda Allah ya hore maka Leica ta zamani, kuma zuciyarka ta karkata ga gilasan da aka ƙera tun kafin a haifi mahaifinka, zauna mu yi magana kafin ka kashe kuɗinka. Sha'awar taka mai kyau ce, ban zo in rage maka ita ba. So nake ka san abin da za ka ɗaura wa kyamarar nan, domin tsohon gilashi yana da halinsa, wanda bai san halin ba kuwa yakan ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Haɗin nan ya yiwu ne saboda wata shawara da kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya yanke a 1954. A shekarar suka fito da M3, suka bar bakin da ake murɗa gilashi a cikinsa, suka koma wanda ake maƙalawa a ɗan juya ya kulle. A tsohon tsari, tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da fim milimita 28.8 ce, a sabon suka mai da ita 27.8. Milimita ɗayan da suka rage shi ne gurbin wani siririn zobe, adafta, da ake murɗa wa tsohon gilashi ya zauna daram a sabon jiki. Bakin M ɗin bai canza ba har zuwa M9 ta 2009 da M11 ta 2022. Shi ya sa Elmar mai milimita 50 na shekarun 1930 zai hau kyamararka yau ya yi aiki. Kada ka yi rowa wajen sayen zoben. Na banza yakan wuce ƙa'ida a kauri da abin da ido ba ya gani, amma hoto zai nuna. Ka kuma duba lambar jikinsa, 50/75 ko 35/135 ko 28/90, don ita ke faɗa maka layukan da za su fito a taga.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Irin wannan kyamara ba ta cikin gilashi kake leƙe ba. Taga ce daban a sama, da ɗan tabo mai haske a tsakiya inda abu ke fitowa biyu, kana murɗa zoben saiti har biyun su haɗe. Abin da ke motsa tabon wata 'yar taya ce a cikin bakin kyamara, wadda gindin gilashi ke turawa yayin da kake murɗawa. Kyamarar kamar makaho ce da ɗan jagora: inda gindin gilashi ya ce nan ne, nan take tsayawa. In ƙarfen ya ci, ko wani ya taɓa kwance gilashin bai mayar daidai ba, za ka haɗa hotunan biyu tsaf a kan idon mutum, ka danna, ka tarar kunnensa ne ya fito ras, idon ya dushe. A zamanin fim, kuskure kaɗan yakan ɓace a ƙaramin hoton da aka wanke. Sensa mai megafiksal 24 ko 60 ba ya rufa wa kowa asiri.

Don haka ranar da gilashi ya shigo hannunka, kafin ka ɗauki kowa, kafa kyamara a kan ƙafafunta uku. Jingina rula a karkace kamar mita ɗaya daga gare ka, buɗe ƙofar haske iya buɗuwarta, saita a kan lamba ɗaya, ka ɗauka. Faɗaɗa hoton ka ga wace lamba ce ta fi fitowa. Sannan ka fita waje ka gwada da hasumiya mai nisa. Daga M 240 zuwa sama, a yawancinsu akwai kallon kai tsaye a allo, mai nuna abin da sensa ke gani, sai ka auna shi da abin da taga ta gaya maka.

Za a yi maka tallar gilasan Tarayyar Sobiyat, Jupiter-8 da Jupiter-3, saboda araha. Ba na raina su. Tsarin Sonnar ne na Zeiss, wanda Ludwig Bertele ya zana, kuma suna yi wa fuska kyau ƙwarai. Sai dai an gina su a kan ma'aunin kyamarar Contax, milimita 52.4, alhali 'yar tayar Leica 51.6 ta sani. Daga nesa ba ka ganin bambanci. Da ka matso kusa ka buɗe ƙofa duka, saitin sai ya faɗa bayan abin da ka nufa. Gwanin gyara yana iya ƙara siririn falle a ciki ya rage matsalar. Akwai kuma ɗabi'ar Sonnar kanta: in ka ɗan rufe ƙofa zuwa f/2.8 ko f/4, saitin yakan ɗan ja baya. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka haife shi, kuma hannu yakan saba.

A wuri ɗaya zan ɗaga murya. Elmar da Summar da Summitar da Summicron na farko, na 1953, duk ana tura wuyansu cikin jiki don kyamara ta shiga aljihu. A jikin zamani kada ka tura. Cikin ya fi na da cunkoso, kuma kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Naɗa tef ko roba a wuyan yadda ko da mantuwa ba zai nutse ba. Jupiter-12 yana da ƙaton gilashin baya da ke kutsawa can ciki, Super-Angulon mai milimita 21 yana tare ma'aunin haske, Summicron mai zango biyu na 1956 kuwa yana cikin waɗanda aka ce kada a ɗaura. Duk gilashin da ka ji ya cije, tsaya nan, kada ka tilasta masa.

Wajen saye, shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila ta baya, ka leƙa ta gaba a karkace. 'Yar ƙura da ƙananan kumfa a cikin gilashi ba su hana komai. Hazo ya fi damuwa, wato tururin tsohon man shafawa da ya zauna a ciki, don yana wanke hoto fari fat. Sau da yawa yana goguwa, wani lokaci kuma ya riga ya ci gilashin. In ka ga farin zare-zare yana yaɗuwa daga gefe, funfuna ce, ka bar wa mai shi kayansa sai in farashin ya faɗi ƙasa warwas. Gilashin gaban Summar laushi gare shi, shi ya sa yawancinsu suka karce a hannun masu goge su. Mu kuma a nan ƙurar hunturu ba ta raga wa gilashi. Hura iska tukuna kafin ƙyalle ya taɓa shi, kuma kada ka kuskura ka sa bakin riga. Da damina cire shi daga jakar fata, ka ajiye a mazubi mai murfi tare da fakitin da ke tsotse laima.

To, me ya sa za ka sha wannan wahala duka? Saboda abin da yake yi wa haske. Gilasan Leitz na kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba su da shafen da ke hana haske watsuwa a ciki, na bayan yaƙi ma shafe ɗaya ne siriri. Baƙinsu ba ya yin wuluk, farinsu ba ya ƙuna da sauri. Ka tsayar da dattijo cikin farar babbar riga da hantsi, sabon gilashi zai so ya tilasta maka zaɓi tsakanin aikin rigar da fuskar mai ita. Tsohon yakan bar maka duka biyun, da wani taushi a gefen kafaɗa inda rana ta sauka. Sa masa hula ta tare hasken gefe, ka guji fuskantar rana kai tsaye har sai ka san yadda yake amsa ta. A buɗe duka zai yi laushi, a f/5.6 ko f/8 tsakiyarsa za ta ba ka mamaki. In za ka yanke masa hukunci, wanke hoton a takarda ka riƙe a hannu, kada ka tsaya leƙen kusurwa a kwamfuta. Da gilasan Nikkor a jikin Leica David Douglas Duncan ya ɗauki yaƙin Koriya a 1950, kuma har yau ana tsayawa a gaban hotunan nan a yi shiru.

Shawarata, fara da milimita 50 guda ɗaya. Tsofaffin gilasai masu faɗin gani sukan bar ja-ja ko duhu a gefen hoto, don haskensu a karkace yake sauka kan sensa, kuma ba su da ɗigon nan shida da aka fara sawa a 2006 don kyamara ta gane gilashi ta gyara. Daga M9 kana iya zaɓen mafi kusa da naka da hannu a cikin jerin gilasan da ke cikin kyamarar. Mai 50 bai cika wannan rigima ba. Canon mai f/1.4 ko f/1.8 na murɗawa ma'aunin Leica ya bi, kuɗinsa da sauƙi, hazo kawai za ka bincika. Zauna da shi rani da damina kafin ka waiwayi wani.

In gwajin rula ya nuna akwai kuskure, kada ka kwance da kanka, kai wa wanda ke da kayan aikin. Ka faɗa masa gilashin zai daidaita da ƙa'ida, ya bar 'yar tayar kyamara yadda take muddin tana daidai da sauran gilasai. In ya karkata kyamarar don ta dace da wannan ɗaya, duk gilashin da ka sayo nan gaba zai fito a karkace.