Farin jini daban, iya riƙo daban

Ɗan'uwa, ka taɓa zama wurin zaɓen ma'ajin bankin cimaka? A ƙauyukanmu na Adar, daga Tawa har Kaita, sau da yawa hannu ake ɗagawa. Wanda ya fi yawan hannuwa shi ke karɓar mabuɗi. To, shi ne kullum ya fi dacewa? A'a.

Ga misali. Mutum 100 sun taru, ƴan takara 3 ne. Na farko mai fara'a ne, ga kyauta, ga dangi, amma bai iya rubutu ba. Sauran biyun sun iya rubutu da lissafi. Na farko ya samu 40, na biyu 35, na uku 25. Ka gani? Mutum 60 mai rubutu suke so, amma sun rabu biyu, sai mai 40 ya ci. Da damina ta zo hatsi ya yi wuya, ba wanda ya san tiya nawa aka ba da bashi. Rumbu ya zama wayam, zumunci ya ɓaci.

Don gudun irin wannan rabuwa ne aka tsara zagaye na biyu a zaɓen shugaban ƙasa. A 1993, Tanja Mamadu ya zo na ɗaya a zagayen farko da wajen kashi 34 cikin 100. Mahaman Usman ya samu wajen 27, Mahamadu Isufu wajen 16. A zagaye na biyu, Isufu da wasu suka goyi bayan Mahaman Usman, ya ci da wajen kashi 54. Amma ka lura: zagaye na biyu yana nuna wanda ya fi rinjaye ne kawai. Sanin wanda ya iya aiki, wannan naka ne.

Saboda haka, kafin ku yi zaɓe:

1. Ku fara faɗin aikin, sannan ku kawo suna. Ma'aji sai mai amana, wanda ya iya lissafi.
2. Ku yi zaɓe a ɓoye. Wa zai ƙi ɗaga wa surukinsa hannu a gaban jama'a?
3. In ba wanda ya wuce rabi, biyun da ke gaba su sake karawa.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai 40 ya ci?
2. A garinku, yaya kuke zaɓen ma'aji?