Dashen Ƙerana A Bayan Gida

Wanda ya san ƙasar Durun, wajen Kabo da Gwarzo, ya san shingen aguwa a bakin burtali. Amma yau kan ƙerana za mu yi magana, watau doguwar nan mai ƙaya, maras ganyen kirki, wadda kan wuce tsawon mutum nesa.

Baƙi su kan ɗauke ta kaktus ce, don kama da suka yi. Ba ita ba ce. Kaktus asalinsa Amurka, har akwai irinsa a hamadar Arizona da kan fi ƙafa 40. Ƙerana kuwa tamu ce, danginta su ne aguwa da tinya. Shaidarsu ita ce farin nono da ke tsatsowa in an yanka. Amma dashensu duk hanya ɗaya ce.

Da bazara a ke yi, wajen watan Afrilu, kafin ruwa ya sauka. Sai a sami reshe ƙosasshe, tsawon kamu guda, a sare shi a gaɓa da wuƙa mai kaifi. A nan lalle a yi hattara ƙwarai. Nonon nan dafi ne, ya kan ƙone fata, kadan kuwa ya shiga ido ya kan yi mummunar ɓarna. A naɗe hannu da tsumma, a kori yara, in kuwa ya fantsama a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a nufi asibiti.

To, ga inda mu muka yi kuskure da fari. Muna sarewa muka dasa, muka riƙa ban ruwa safe da yamma sai ka ce tumatir, muna ganin gata mu ke yi musu. Kafin wata ya ƙare gindinsu ya yi baƙi, duk suka ruɓe. Dalili kuwa, reshen cike ya ke da ruwan da ya tara, ba ya jin ƙishirwa, ɗanyen miki kuma in ya haɗu da laima sai ruɓa. Saboda haka sai a jingine shi a inuwa kwana 7, ko 10, har bakin ya bushe ƙayau.

Sa'an nan a haƙa rami taƙi guda a wuri mai rairayi, ban da laka, ban da inda ruwan indararo ke zuba. A kafa shi tsaye, a tokare da sanda don iska, a ƙyale shi. Ruwan fari ya ishe shi yin saiwa. Kada a girgiza shi don a ji ko ya kama. Sabon tsiro a ƙoƙuwa shi zai nuna.