Yadda Ake Nazarin Wasan Macbeth Domin Jarrabawar Adabi

Cikin wasannin ban tausayi da William Shakespeare ya rubuta, Macbeth ne mafi gajarta, kuma gajartar tasa ce ke yaudarar ɗalibai. Labarin ba shi da wuyar riƙewa: wani jarumin yaƙi a Sikotland ya ji daga bakin mayu uku cewa zai zama sarki, ya kashe sarkinsa, ya hau gado, ya yi ta zubar da jini don ya tsare rawaninsa, har shi ma aka sare masa kai. Da ɗalibi ya iya faɗin wannan, sai ya ɗauka ya gama. Mai gyaran takarda kuwa ya riga ka sanin labarin. Abin da yake ba maki a kai shi ne ka nuna masa dalilin da ya sa abu ya faru, da wurin da ya faru a littafi, da dabarar da marubuci ya bi ya nuna shi. Ga matakan da za su kai ka ga haka.

Mataki na 1: Karanta littafin kansa

Nemi cikakken wasan, bugun da ke da bayanin kalmomi a gefe ko a ƙasan shafi. Turancin ya haura shekara 400, saboda haka ba abin kunya ba ne ka yi ta duba bayani. A karatun farko kada ka tsaya kan kowace kalma. Bi labarin har ƙarshe cikin kwana biyu ko uku, ka san wane ne wane. A karatu na biyu sai ka riƙe fensir, ka tafi a hankali.

Idan da hali, ku haɗu ku huɗu ko biyar ku raba 'yan wasa, kowa ya karanta nasa da babbar murya. An rubuta wasan ne don kunne, kuma jimlar da ta gagare ka a ido takan warware idan ka ji ta a bakin wani. Littattafan taƙaitawa suna da amfani bayan ka karanta wasan, amma wanda ya dogara da su kaɗai zai rasa hujja ranar da aka tambaye shi.

Mataki na 2: Zana taswirar wasan

Wasan kashi 5 ne, kowane kashi da fitowarsa. Ɗauki takarda guda, ka rubuta jimla ɗaya tak a kan kowace fitowa. Waɗannan su ne wuraren da ya wajaba ka sani kamar sunanka:

Kashi 1, fitowa 3: mayu sun gaishe da Macbeth da sarautar Glamis, da ta Cawdor, da sarautar ƙasa, sun kuma ce wa abokin yaƙinsa Banquo zuriyarsa za ta yi mulki.
Kashi 1, fitowa 4: Sarki Duncan ya naɗa ɗansa Malcolm magajinsa.
Kashi 1, fitowa 7: Macbeth ya janye daga shirin kisan, matarsa ta dawo da shi.
Kashi 2, fitowa 2 da 3: an kashe Duncan, wani basarake mai suna Macduff ya gano gawar, Malcolm ya gudu Ingila, ƙanensa Donalbain ya nufi Ayaland.
Kashi 3, fitowa 3 da 4: an kashe Banquo, ɗansa Fleance ya tsere, fatalwar Banquo ta bayyana a wurin liyafa.
Kashi 4, fitowa 1 da 2: Macbeth ya koma wurin mayu, sannan aka kashe iyalin Macduff.
Kashi 5, fitowa 1: matar Macbeth tana tafiya cikin barci.
Ƙarshen kashi 5: Macduff ya kashe Macbeth, Malcolm ya zama sarki.

Rubuta sunaye yadda suke a littafi, domin haka za ka rubuta su a jarrabawa.

Mataki na 3: Bi sawun kisa ɗaya bayan ɗaya

Nan ne zuciyar nazarin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Jigon wasan dogon buri ne, amma faɗin haka kawai ba ya kawo maki. Warwarar jigon tana cikin yadda Macbeth yake sauyawa daga kisa zuwa kisa.

Fara da lura cewa mayun ba su taɓa ce masa ya kashe kowa ba. A kashi 1, fitowa 3, tun bai ga matarsa ba, tunanin kisa ya riga ya faɗo masa a rai har ya tsorata shi. Banquo yana tsaye a wurin, shi ma an yi masa albishir, amma ya yi gargaɗi cewa miyagun ruhohi sukan faɗi ƙaramar gaskiya don su ja mutum ga halaka. Mutum biyu sun ji magana iri ɗaya, kowa ya ɗauki hanyarsa. Wannan kwatanci shi ne makaminka mafi ƙarfi idan aka tambaye ka ko ƙaddara ce ta halaka Macbeth ko zaɓinsa.

Kafin kisan Duncan, Macbeth ya zauna da zuciyarsa ya lissafa dalilan da suka hana: Duncan ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne a gidansa, kuma sarki ne mai adalci. Ya yarda da bakinsa cewa ba shi da wani dalili sai buri. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani kan nauyin amanar baƙo, to ka yi amfani da wannan fahimtar, domin mutanen da aka rubuta wa wasan haka suka ɗauke ta. Ya yi kisan yana sane da muninsa, kuma wannan sanin shi ke sa a ji tausayinsa da tsoronsa lokaci guda.

Daga nan sai ka dubi yadda abin yake sauƙaƙa a hannunsa. Dogarawan Duncan biyu ya kashe su nan take, ba shawara. Banquo kuwa hayar makasa ya yi, ya ɓoye wa matarsa shirin. Kisan matar Macduff da 'ya'yansa a Fife ba shi da wata riba ta mulki, huce haushi ne kawai saboda Macduff ya tsere. Mutumin da ya yi ta kai-komo kafin kisan farko ya zama wanda ya yanke shawarar aikata duk abin da ya faɗo masa a rai ba jinkiri.

Matarsa ta bi hanyar da ta saɓa wa tasa. Ita ce mai ƙarfin hali a farko, ita ta zunguri mazantakarsa, ita ta mayar da wuƙaƙe wurin dogarawa. Bayan liyafa sai ta ɓace daga dandamali, ba a sake ganin ta ba sai tana yawo cikin barci tana wanke hannu, likita da mai yi mata hidima suna kallo. Yi layi biyu a takarda, ɗaya nasa ɗaya nata, ka ga inda suka gitta juna. Tambayoyi da yawa kan 'yan wasa daga wannan takardar za ka amsa su.

Mataki na 4: San zamanin da aka rubuta shi

An rubuta wasan wajen 1606, aka fara buga shi a 1623, shekara bakwai bayan rasuwar marubucin. A 1603 Sarki James na Sikotland ya gaji sarautar Ingila, ya kuma zama uban gidan ƙungiyar wasan da Shakespeare yake ciki. James ya damu ƙwarai da maita, har ya wallafa littafi a kanta a 1597. A Nuwamban 1605 aka bankaɗo makircin tarwatsa majalisa da albarushi alhali sarki yana ciki. Ka ga ke nan wasa kan kisan sarki da mayu ya zo wa mutanen Landan daidai lokacin da maganar take bakin kowa.

Shakespeare ya samo labarin daga littafin tarihin Holinshed, amma ya sauya abubuwa. A can Banquo yana cikin waɗanda suka taya Macbeth kisan, a wasan kuwa an wanke shi, kuma gidan James suna danganta kansu da Banquo. Macbeth na tarihi ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057, a fagen yaƙi aka kashe Duncan, ba a kan gado ba. Amfanin wannan sani shi ne ka nuna cewa da gangan marubucin ya ƙara wa laifin muni. Jimla ɗaya ko biyu ta tarihi ta isa a amsa. Jarrabawar adabi ce, kada ka mayar da ita ta tarihi.

Mataki na 5: Tattara salo

Ware shafi ɗaya ga kowace alama da ke maimaituwa, ka rubuta inda ta fito. Jini: bayan kisan Duncan, Macbeth yana ganin teku ma ba zai wanke hannunsa ba, matarsa tana ganin ɗan ruwa kaɗan ya isa, sai ga shi a kashi 5 ita ce ta kasa wanke nata. Barci: ya ji murya tana cewa ya kashe barci, daga nan barcin kirki ya ƙaurace wa gidan. Tufafi: tun farko ya kira sarautar Cawdor rigar aro, a ƙarshe wani basarake mai suna Angus ya kwatanta sarautarsa da rigar ƙato a jikin wadan ɓarawo. Duhu: yawancin munanan ayyukan da dare aka yi su.

Sai magana mai harshen damo, wadda ita ce tarkon wasan. An ce wa Macbeth wanda mace ta haifa ba zai cuce shi ba, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa fadarsa ta Dunsinane. Dukansu gaskiya ne a baki, yaudara ne a ma'ana: sojojin Malcolm sun sari rassa sun rufe kansu da su, Macduff kuwa farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Mai gadin ƙofa da ke sambatun maye a kashi 2 ma kan masu irin wannan magana yake ba'a.

Lura kuma da wuraren da mai kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba, kamar lokacin da Duncan yake yabon daɗin iskar gidan da za a kashe shi a ciki. Kada ka tsallake zancen zuci, wato inda Macbeth yake magana shi kaɗai, domin ta nan ne kawai muke shiga ransa.

Mataki na 6: Haddace kaɗan, ka riƙe su da kyau

Ba a bukatar haddace dogayen jawabai. Zaɓi gajerun layuka 15 zuwa 20, kowanne kalma huɗu zuwa takwas, waɗanda za su yi maka aiki a jigo fiye da ɗaya. Rubuta kowanne a ƙaramin kati, a bayansa ka sa wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da fitowar. Riƙa bitar katunan kullum na minti goma. Idan lafazin ya kuɓuce maka a jarrabawa, faɗi ma'anar da kalmominka, kada ka ƙirƙiri layin da babu shi.

Mataki na 7: Kalli fim, amma bayan karatu

Akwai fim ɗin Roman Polanski na 1971, da na Justin Kurzel na 2015, da na Joel Coen na 2021 wanda Denzel Washington ya fito a matsayin Macbeth. Suna taimakawa wajen jin lafazi da ganin motsi. Sai dai kowane darakta yana ƙari da ragi. Polanski ya nuna kisan Duncan a fili, alhali a wasan ba a nuna shi. Kurzel ya buɗe da jana'izar ɗan Macbeth, wadda babu ita a littafi. Duk abin da ka gani a fim, koma littafi ka tabbatar kafin ka rubuta shi.

Mataki na 8: Gwada amsa da agogo

Nemi tambayoyin shekarun baya na hukumar da za ta yi maka jarrabawa, domin tsarinsu ya bambanta. Idan an ciro wani yanki aka tambaye ka a kai, tambayi kanka abu huɗu: wa ke magana, da wa, a ina, me ya faru dab da nan. Taswirarka ta mataki na 2 ita za ta cece ka.

Idan insha'i ne, ɗauki minti biyar ka tsara. Faɗi matsayinka a jimlar farko. A ce an tambaye ka wa ya fi laifi a faɗuwar Macbeth. Kana iya cewa mayu sun nuna ƙofa, matarsa ta tura shi, amma shi ya shiga da ƙafarsa. Sai kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, da hujja daga littafi, da bayanin yadda hujjar ta tabbatar da maganar. Kawo ra'ayin da ya saɓa wa naka, ka amsa shi. Duk jimlar da ta fara ba da labari ba tare da hujjar wani abu ba, soke ta.

Idan saura wata guda, raba shi haka: makon farko karatu da taswira, na biyu 'yan wasa da jigo, na uku salo da hadda, na huɗu rubuta amsa kullum da agogo a gabanka. Ba malaminka ko abokin karatunka ya duba, ka roƙe shi ya ja layi a duk inda ka yi magana ba hujja. Waɗannan layukan su ne aikinka na washegari.