Abin da Yaro Ke Koyo Daga Ajin Share Fage Zuwa Ƙarshen Firamare

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ke shirin zama malami yana buƙatar sanin abin da ake sa ran yaro ya koya a kowane mataki, domin kada ya ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, kada kuma ya tsayar da shi a inda ya riga ya wuce. Wannan darasi zai bi yaro tun daga shekara 3 zuwa wajen shekara 12, tare da mayar da hankali ga harshe da karatu, domin a kansu sauran darussa suka dogara.

1.1 Kafin Shiga Aji

Yaro ba ya zuwa makaranta da wofi. Ɗan shekara 3 da ya tashi a gidan Hausawa ya riga ya san yadda ake gaisuwa, ya san bambancin "ya zo" da "ta zo" ba tare da wani ya karantar da shi jinsi ba, yana kuma iya tambaya da musu da ba da labari. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi suna koya masa sauraro da bin labari daki-daki. Kacici-kacici yana wasa masa ƙwaƙwalwa, wasanni irin su langa da carafke da 'yar tsana kuwa suna koya masa jiran layi da ƙirga da zama da 'yan uwansa. Idan an sa shi makarantar allo, yakan fara da haddar gajerun surori, sannan babbaƙu, sannan farfaru. Wato ke nan ya fara gane cewa zane a kan allo yana wakiltar sauti a baki. Malamin boko da ya yi watsi da wannan jari ya jawo wa kansa wahala.

1.2 Ajin Share Fage

Tunanin keɓe wa ƙananan yara makaranta ta musamman ya samu gindin zama a Turai ta hannun Friedrich Froebel na Jamus, wanda ya ɗauki wasa a matsayin hanyar koyo, da kuma Maria Montessori wadda ta buɗe makarantarta a birnin Rum a 1907. A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta amince da wannan mataki, bugun 2013 kuwa ya sanya shekara guda ta share fage a cikin tsarin ilimin tushe.

Abin da ake nema a nan bai da yawa: yaro ya saba da rabuwa da gida, ya iya riƙe alli ko fensir, ya san launuka da siffofi, ya ƙirga abubuwan da yake iya taɓawa, ya koyi tsafta kamar wanke hannu, ya kuma yalwata kalmominsa ta hanyar waƙa da labari. Jean Piaget ya nuna cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 7 yana fahimtar duniya ne ta abin da ya gani kuma ya taɓa. Saboda haka ɗan shekara 4 da ke rera lambobi daga 1 zuwa 100, amma ba ya iya ware duwatsu bakwai daga cikin tsibi, bai koyi lissafi ba tukuna, waƙa kawai ya haddace. Iyaye da yawa suna son irin wannan rerawa, wasu makarantun kuɗi kuma suna biya musu buƙata, amma bai kamata malamin da ya samu horo ya ruɗu da ita ba.

1.3 Aji Ɗaya Zuwa Uku: Koyon Karatu

Waɗannan shekaru uku su ne ƙashin bayan firamare. Ana koyar da lissafi da kimiyya da addini da zaman jama'a da motsa jiki, amma babban aikin shi ne yaro ya iya karatu. Wanda ya fita aji uku bai iya ba, da wuya ya cim ma tsararsa, domin daga nan darussa ba sa jiransa.

Rubutun Hausar boko yana da wata fa'ida da ya kamata malami ya sani. Wasula biyar ne, a da e da i da o da u, kuma galibi kowane harafi sauti guda yake wakilta. Gaɓar kalma ma iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar a "kai" da "sau", sai baƙi da wasali da baƙi kamar a "can". Da zarar yaro ya san sautin b da na a, zai haɗa "ba", daga nan ya karanta "baba" da kansa. A kan wannan tsari na gaɓa aka gina littafin Ka Koyi Karatu da aka daɗe ana amfani da shi a Arewa, haka kuma littattafan Mu Karanta! da aka yi aiki da su a jihohin Bauchi da Sakkwato sun bi hanyar fara koyar da sautin harafi. Ingilishi ba haka yake ba, domin harafi ɗaya yakan ɗauki sautuka daban-daban daga kalma zuwa kalma.

Akwai wuraren tuntuɓe. Baƙaƙe masu ƙugiya suna buƙatar kulawa, domin "kafa" daban take da "ƙafa", "baki" daban da "baƙi", "bari" kuma daban da "ɓari". Sai baƙaƙe masu goyo irin su sh da ts da ky da gw, waɗanda yaro zai koya a matsayin sauti guda. Bugu da ƙari, rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na mutane da "gari" na tuwo suke da kama ɗaya a takarda. Yaron da ke jin Hausa yakan warware wannan daga ma'anar jimla, abin da ke ƙara tabbatar da cewa karatu ba furta haruffa kaɗai ba ne, dole sai da fahimta.

A lissafi ma harshen yana taimakawa. "Goma sha uku" ta bayyana kanta, goma ce da ƙarin uku, wanda ke sauƙaƙa koyar da gidan ɗaiɗai da gidan gomomi. Sai dai ashirin da talatin da arba'in aro ne daga Larabci, ba su nuna adadin gomomin da ke cikinsu ga yaro ba, don haka sai an haɗa da ɗaurin karare ko tsinke goma-goma.

1.4 Aji Huɗu Zuwa Shida

A nan karatu ya zama makamin neman sauran ilimi. Ana sa ran yaro ya karanta labari a zuci ya amsa tambayoyi, ya rubuta wasiƙa da gajeren insha'i, ya kiyaye ƙa'idojin rubutu kamar raba "a kan" da "akan". A lissafi zai shiga ninkawa da rabawa masu tsawo, da ɓangarorin lamba, da awo, da lissafin kuɗi. Zai kuma san ƙaramar hukumarsa da jiharsa da ƙasarsa, da abubuwan da suka shafi noma da lafiya da kwamfuta.

1.5 Da Wane Harshe?

Bugun 2004 na Manufar Ilimi ya tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru uku na farko, Ingilishi ya kasance darasi, sannan daga aji huɗu a koma Ingilishi sannu a hankali. Tun kafin nan, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har ma a Ingilishin kansa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, amma a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan mataki da komawa ga Ingilishi, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Masana harshe da dama sun ƙalubalanci hujjar, suna cewa ba a taɓa samar da isassun littattafai da malamai da za a ce an gwada manufar yadda ya kamata ba.

A ganinmu, ko da wane harshe hukuma ta zaɓa, yaron da ke ƙauyen Katsina ko Jigawa da Hausa zai shigo aji ɗaya, kuma darasin Hausa yana nan a jadawali. Malamin Hausa ne ke da damar koya masa haɗa baƙi da wasali cikin harshen da yake ji, wannan ƙwarewa kuwa ita zai ɗauka zuwa karatun Ingilishi.

1.6 Aikin Jinga

Ka ziyarci aji biyu a wata firamare da ke kusa da kai, ka zaɓi yara biyar, ka ba kowannensu jimloli uku na Hausa ya karanta a bayyane. Ka rubuta haruffan da suka fi ba su wahala, sannan ka tsara darasin minti 35 da zai magance ɗaya daga cikinsu.